Maɗacin Kufai da Ƙiryar Inna Tabawa

Daminar da ta wuce wani gawo ya faɗi a bakin hanyar Mai'adua. Kafin in isa wurin, samari biyu irinku masu injin yanka sun riga sun biya mai gonar, har sun fara tsaga shi katako. Na tsaya na gaishe su, na tambayi abin da za a yi da shi. Suka ce ƙyaure da benci. Na ce musu gawo ba ya ƙyaure, su yi kwamin shayar da dabbobi da gindin, sauran su sayar wa masu tuwo. Ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Baba, itace ai itace ne." Na yi musu fatan alheri na hau babur ɗina. Ba a rufa wata huɗu ba kafintan da ya sayi katakon ya shiga nemansu, don ƙwaro ya shige shi, in ka ɗaga falanki sai gari ya riƙa zuba kamar ana tankaɗe.

Ni Haladu, a nan Daura aka haife ni, kuma tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake bin bishiyoyin da suka faɗi. Yanzu na haura sittin. Aikina shi ne in je inda iska ko tsufa ko tsawa ta kayar da bishiya, in faɗi ko wace iri ce, me za a iya fitarwa daga cikinta, kuma nawa ta kai. Ku kuna ganin na zagaya gungume sau biyu, na buga shi da ƙeyar gatari, na huda shi, na faɗi kuɗi, an ba ni ladana na tafi, sai ku ce wannan ai cin banza ne. To ku zauna ku ji yadda aka yi kunnen nan ya koyi jin abin da yake ji.

Wurin Kawu Mati na koya, ƙanin mahaifiyata, masassaƙi ne mai turame da akusa da alluna. Aikin farko da ya tafi da ni, wata kanya ce da ta faɗi kusa da rugar wasu Fulani, bayan hadarin farkon damina. Muna isa na sauke gatari daga kafaɗa na nufi rassan. Ya ce in ajiye.

"Me ya kayar da ita?"

"Iska, Kawu."

"Bishiya nawa iskar nan ta bi ta kansu jiya a dajin nan?"

"Da yawa."

"To don me wannan kaɗai ta kwanta?"

Ya kama hannuna ya kai ni gindin. Saiwoyin duk sun fito waje da ƙasarsu, farare, masu danshi, ba ko ɗaya da ta ruɓe. Ya nuna mini inda ruwa ya zaizaye ƙasar ta gefe guda, ya bar bishiyar ba abin riƙo. Ya ce wannan lafiyarta ƙalau, ƙasa ce ta sake ta, irinta ake nema. Wadda ta karye a tsaka ta bar kututture a tsaye, akwai ciwo a cikinta tun da daɗewa. Wadda tsawa ta faɗa wa, ko ta yi kyau a ido, a tsattsage take ciki, kana fara sassaƙa za ta buɗe maka. Wadda ta bushe a tsaye kafin ta faɗi, ka nemi ƙananan ramukan ƙwaro a ƙarƙashin ɓawo. Ranar ba mu sari komai ba. Mun sha nono, Kawu ya yi ciniki da mai rugar, muka dawo gida da gatarinmu kamar yadda muka je.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Gatari biyu, babba da ƙarami. Gizago na gyaran jiki da na rarake ciki. Zarto dogo na mutum biyu, wanda ni nake riƙe ɗaya gefen har kafaɗuna su daina jin nawa ne. Igiyar rama da ya ƙulla mata ƙulli a kowane kamu, da ita yake auna tsawo da kauri. Sai mahuji, wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki da wani maƙeri ya yi masa. Da shi yake huda gungume har tsakiya, ya zaro, ya dubi garin da ya fito, ya murza a yatsa, ya sansana. In garin ya fito da tsabta da ƙamshin itacen, to. In ya fito baƙi, ko da danshi, ko da warin ruɓa, ko kuma hannu ya ji ƙarfen ya zurma babu turjiya, sai ya mai da mahujinsa cikin buhu ya rage kuɗi.

Bishiya a tsaye da ganyenta, ko yaron goye ya san ta. Gwaninta tana wurin gungumen da ya shekara uku a kwance, ba ganye, ba ɓawo, rana ta mai da shi toka-toka. Kawu yakan ɓalli ɗan ɓarɓashi ya miƙo mini ya ce in faɗi sunansa. Maɗaci ja ne, in ka ɗora a harshe ɗacinsa zai bi ka har la'asar. Aduwa rawaya ce, jikinta sumul, ita ce ta allo da ƙotar fartanya. Marke nauyi gare shi, da 'yar baƙar zuciya a tsakiya, yana yin ginshiƙi, wutarsa kuma ba ta da na biyu. Tsamiya tana cin bakin gatari, ka sara sau goma ka koma wasa shi. Darbejiya gara ba ta son ta, shi ya sa kafintoci suke karɓarta ko da ba ta da kwarjini. Ƙirya kuwa ita ce sarauniya a wurin mai turmi, zuciyarta ja ce mai duhu kamar hanta, gawayinta kuma maƙera ke rububi. Kuka ita ce babba a ido, amma in ta faɗi ka bar wa mata ganyen, masu igiya su ɗebi ɓawon, kai ka wuce. Cikinta kamar soso yake. Na yi kuskure sau da yawa kafin in iya. Kawu ba ya duka, sai dai ya sa ka ɗauki guntun da ka kasa ganewa a ka har gida, ka kwana da shi a ɗaki.

Sanin suna rabin aiki ne, sa kuɗi shi ne sauran. Wata tsamiya da muka je dubawa a wani ƙauye yamma da gari ita ta koya mini wannan. Kawu ya auna ta da igiya, ya tsuguna ya riƙa zana ƙasa da tsinke. Nan turmi biyu, nan kujerun mata, manyan rassa taɓare, ƙananan itacen girki. Sannan ya fara ragewa. Nisan wurin da hanya, yashin da amalanke zai ratsa, abincin masu ɗauka, takardar malamin daji, watannin da itacen zai yi a inuwa kafin ya bushe, da abin da zai tsage a bushewar ko an shafe bakinsa da laka da kashin shanu. Abin da ya saura shi ne kuɗin bishiya. Ya gama duk wannan, mai gonar ya miƙo hannu, sai Kawu ya ce a je wurin mai unguwa tukuna. A can aka gano gonar tasa ce, amma tsamiyar gadon mutum biyar ce, har da wata mace da ke aure a Nijar. Sai da aka yi mako uku ana aike kafin kowa ya ce ya yarda. A hanya na ce da mun biya mutumin nan da tuni mun gama. Kawu ya ce, "Da mun gama sara, mu fara shari'a."

Shekara goma sha tara na yi tare da shi. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini kayan aikin da masu saye da suna mai kyau. Na yi 'yan shekaru ina cin gajiyar wannan. Na sayi shanun noma biyu da amalanke, na daina hayar na mutane. A lokacin ne injin yanka ya shigo ƙasar nan, masu katako suka fara bin ƙauyuka da mota. Babbansu a wajenmu shi ne Alhaji Sanda, mai rumfar katako da turame a kasuwar Mai'adua. Ba mugu ba ne, amma yana da kuɗi a hannu, ni kuwa sai na sayar kafin in saya. Sau uku ya riga ni bishiyar da na gani da idona.

Sai maɗacin kufai ya faɗi. Wani tsohon maɗaci ne a kufan wani gari da mutanensa suka tashi tun zamanin kakanni, mutum uku ba su zagaye gindinsa da hannu. Duk mai sana'ar itace a ƙasar nan ya san shi. Iska ta tumɓuke shi da saiwa, irin faɗuwar da ake so. Na je da sassafe na same shi kwance, miƙaƙƙe kamar an ja layi, kamu goma sha huɗu kafin reshen farko. Na buga gindi da ƙeyar gatari, ya amsa da ƙarfi. Na buga tsaka, na buga sama, babu inda ya yi ƙarar ganga. A jikinsa ta gefen gabas akwai tsofaffin tabo, inda masu magani suka shekara da shekaru suna ɓantarar ɓawo don ciwon ciki. Na gan su. Mahuji yana cikin buhuna.

Magadan wurin suka ce Alhaji Sanda ya aiko, yana tafe bayan azahar. Babbansu ya ce, "Malam Haladu, mu kai muka sani tun Kawunka. In za ka saya ka faɗi yanzu, in ya zo ba mu iya hana shi tayi." Huda gungume irin wannan a wuri uku zai ci rabin yini. Na dubi rana, na dubi itacen, na faɗi kuɗi. Suka sallama. Kashegari na kai shanuna biyu kasuwa, na haɗa da abin da ke hannuna na biya, na kuma yi hayar mai inji na kwana uku.

Yankan farko a gindi ya fito ja wur, har mai injin ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. A yanka na biyu, injin ya shiga kamar taƙi ɗaya, sai ƙararsa ta sauya, jar ƙasa ta fara fita maimakon garin itace. Mai injin ya kashe, ya zaro, haƙoran sarƙar duk sun dakushe. Muka sa gatari muka buɗe. Ruwa ya daɗe yana shiga ta tabon nan, zuciyar ta ruɓe, gara ta shiga ta cinye, ta cike gurbin da ƙasa ta daddale kamar gini. Shi ya sa bai yi ƙarar kogo ba. Daga kamu na biyu har kusa da rassa, bango ne kawai na itace ya kewaye shuri. Abin da na fitar daga maɗacin nan duka, turmi ɗaya ne, da 'yan gajerun falankai, da itacen girki. Bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ta shanun da na sayar ba.

Magadan sun zo sun yi mini jaje, babbansu har ya ce ko a duba a rage mini wani abu. Na ce a'a. Ba su ɓoye mini komai ba, tabon a fili yake, ni ne mai sanin, kuma ciniki ya riga ya faɗa. Ita kuma shekarar ba ta tsaya nan ba. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, aka girbe kara. Wanda ba shi da abin dakawa ba ya sayen turmi, aure ma aka riƙa ɗagawa. Na sayar da amalanken tunda ba abin ja. Da rani ya tsaya, na shiga faskare a wurin wani dillalin itacen girki, yana biyana kullum abin da zai sayi tiya ɗaya da ɗan cefane. Mutum tara ke ci a gidana lokacin.

Cikin wannan hali dillalin ya aike ni wani ƙauye gaba da garin Babban Mutum, dab da iyaka. Ya ce wata tsohuwa tana da wani tsohon gungume a bakin gona tana son rabuwa da shi. Sun yi magana, kuɗin akuya ƙarama. Ya ba ni kuɗin, ya ce in biya, in faskare, mota za ta zo bayan kwana uku.

Sunanta Inna Tabawa. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi ci-rani kudu, ya bar ta da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ta raka ni da sandarta har bakin gonar. Gungumen yana kwance rabinsa cikin yashi, fari fat kamar ƙashi, an ɗaure awaki biyu a jikin wani guntun reshe. Ta ce tun tana da ƙarfin zuwa rijiya ya faɗi, ba wanda ya iya da shi, masu gatari biyu sun gwada sun bari.

Na ɗaga gatari na sara. Ya yi tsalle ya dawo, ƙarar ta tafi kamar an bugi ƙarfe, hannuna ya ɗauki rawa har gwiwa. Na ajiye shi na ɗauko gizago na feƙe ɗan wuri. Ƙarƙashin farin nan ja ne mai duhu. Ƙirya. Na roƙi fartanya na tone yashin ta ƙasa, tsawonsa duka. Gara ta cinye farin jikin ta tsaya, zuciyar ko gezau. Sannan na ciro mahuji. Wuri huɗu na huda, tun hantsi har rana ta karkata, don ƙarfen da ƙyar yake shiga, kuma ko'ina garin ya fito ja, busasshe, mai tsabta. Na auna da igiya: kamu tara, kauri kusan ɗaya daga gindi har sama. Manyan turame shida, ƙanana biyu, taɓare daga rassan da suka nutse a yashi, ragowar kuma maƙera za su saye har ɓarɓashi.

Inna Tabawa tana zaune a inuwar aduwa tana kallona. Ta ce, "Ɗan nan, faskare aka aiko ka ko haƙar rijiya?"

Kuɗin dillali suna aljihuna. In na miƙa mata ta karɓa da godiya, ba wanda zai ce na yi laifi, ita ta faɗi kuɗinta da bakinta. In kuma na faɗa mata gaskiya, na san aikin faskaren nan ya ƙare, ga shi saura wata huɗu ruwa ya sauka. Na ɗan jima ina kakkaɓe yashi daga mahujin.

Na ce, "Inna, wannan itacen ba na wuta ba ne. Ƙirya ce, kuma lafiyayya. Kuɗinta ya kai na saniya mai ciki."

"Kada ka yi mini ba'a da tsufana."

"Ba ba'a ba ce. Ki bar shi a nan, kada ki karɓi kuɗin kowa sai na dawo."

"To kai ka saya mana, tunda ka san shi."

"Ba ni da ko na akuyar, Inna. Waɗannan ma na wanda ya aiko ni ne."

Ta ce, "To me za ka samu?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Na koma Daura na mai da wa dillalin kuɗinsa, na faɗa masa abin da na gani. Na ce in yana so ya saya da kuɗin ƙirya, zai ci riba mai kyau, ni zan sassaƙa masa. Ya ce shi faskare ya aike ni, ba wa'azi ba, in nemi wani wurin. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma shekarar ta taɓa shi.

Ranar kasuwar Mai'adua na je rumfar Alhaji Sanda da ɗan ɓarɓashin ƙiryar a aljihu. Tun maganar maɗaci ban taka wurin ba. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce, "Malam Haladu, ashe kai Allah ya aiko ka ɗauke mini wancan bala'in. Wallahi da na iso da na saya, ni ma ba hudawa zan yi ba." Na ajiye masa ɓarɓashin a tafin hannu. Ya juya shi, ya gwada da farce, ya tambayi kamu nawa. Na faɗa masa, na kuma faɗa masa cewa na riga na gaya wa tsohuwar da ke da shi kuɗinsa, kuma daga nan wurin wani mai turame zan je in nuna masa, don kowa ya yi tayi.

Fuskarsa ta sauya. "Ka gaya mata? Da ka zo mun yi magana ni da kai, ai da ka mai da shanunka."

"Na riga na gaya mata, Alhaji."

Bayan kwana biyu muka je da Alhaji Sanda da ɗaya mai turamen, aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Kafin a fara na ja Inna Tabawa gefe na ce ta sa sharaɗi: duk wanda ya saya, turmi ɗaya babba nata ne. Ta ce tana da turmi. Na ce wannan daban ne, zai kai jikokin jikokinta. Aka yi tayi, aka ja, Alhaji Sanda ya saya a kan abin da ya ɗan haura yadda na faɗa, da turmin a ciki. Da aka damƙa mata kuɗin ba ta ƙirga ba, ta miƙa wa mai unguwa ta ce ya sa a sayo mata gero buhu-buhu tun kafin ya ƙara tsada, sauran a sayi tumaki. Ni kuma ta sa surukarta ta auno mini tiya uku daga ɗan abin da ya rage a rumbu, ta haɗa da kaza. Ta ce, "Ba biya ba ne, ɗana. Ka kai wa yara." Abin da na samu ke nan a cinikin, na ɗaure a bayan keken aro na taho.

Kwana huɗu bayan haka Alhaji Sanda ya aiko a kira ni. Masassaƙansa sun gwada ƙiryar sun ce ba za su iya ba, ta bushe ta zama dutse. Ya ce, "Kai ka jawo mini, kai za ka fitar da ni." Wata biyu na yi a kanta. Sau uku ina kai gizago wurin maƙeri a sake masa baki. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Amma turame takwas suka fito yadda na ƙiyasta, ba wanda ya tsage, kuma ladan aikin shi ya riƙe gidana har aka yi shuka. Na Inna Tabawa ni na kai mata da kaina a motar Alhajin.

Ban san labarin ya bazu ba sai da damina ta faɗi. Wani mutum ya zo ƙofar gidana daga wajen Baure, ya ce marke ya faɗi a gonarsa, masu saye sun zo, amma mai unguwarsu ya ce kada ya sallama sai mutumin Daura mai mahuji ya gani. Ya tambayi ladana. Ban taɓa tunanin ana biyan mutum don ya duba kawai ba. Bayansa wani ya zo, bayan wannan wasu magada da suka kasa daidaitawa a kan wata kanya. Daga baya masu sayen ma suka fara nemana, Alhaji Sanda a gaba, don ya gane gara ya biya kuɗin gaskiya a kan itacen da aka huda, da ya yi cinikin biri a sama. Har ya bar kasuwa bai ƙara sayen babban gungume ban gani ba. Tun daga shekarar ban sake sayen bishiya da kuɗina ba, kuma ban sake faɗin kuɗin wadda ban huda ba, ko mai ita yana rantsuwa, ko mota tana jira. Da wannan aikin na mai da shanu, na aurar da 'ya'ya, na sauke farali. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu Mati da ya koya mini, har maɗacin kufai ma ba na zaginsa.

Bara aiki ya kai ni wajen Babban Mutum, na ce bari in ratsa ƙauyen. An ce mini Inna Tabawa ta daɗe da rasuwa. Na yi sallama a gidan don in yi ta'aziyya ko da ta tsufa, ban sami namiji ba, sai wata mata da goyo ta leƙo ta kawo mini ruwa a zaure. Jikarta ce, ba ta san ni ba. Daga ciki ina jin daka, kuma tun daga sautin na gane turmin. Na roƙa a fito mini da shi in gani. Ita da mai dakan suka mirgino shi. Ya yi baƙi, ya yi sheƙi, bakinsa ya ɗan cinye ta gefen da ake jingina taɓarya. Na kifa shi na duba gindin, na bi jikinsa da hannu. Ba tsaga ko ɗaya.

Matar ta ce, "Baba, in saye kake so, ba na sayarwa ba ne. Masu turame sun sha tayawa. Kakarmu ta ce wani mutumin Daura ya gaya mata zai kai jikokin jikokinta, ta ce a bar shi a gani ko gaskiya ya faɗa."

Na tambaye ta goyon da ke bayanta mace ce ko namiji. Ta ce mace.

Na ce, "To ku riƙa ɗora shi a kan dutse, kada gindin ya zauna cikin danshi. Saura kaɗan."

Na yi wa tsohuwa addu'a, na shanye ruwana, suka mirgina turmin ciki suka ci gaba da daka.